Ruwan Lagireto Ya Kashe Magen Surukina

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni, kunya na nema ta kore ni daga gidan da nake kwana.

Ni tela ne. Muna zaune da maiɗakina a sashen baya na gidan mahaifinta. Tun da Mama ta rasu, Baba ba shi da abokin hira sai wata mage tasa mai farin tabo a goshi, sai kuma ni. In na taso daga shago nakan zauna da shi a baranda, yana jin rediyo, magen na kan cinyarsa, ni ina ɗaura maɓallai.

Ina da wata tsohuwar mota, ina kuma da ciwon nan na ganin babu abin da zai gagari hannuna. Da ta fara zafi maiɗakina ta ce in kai wa bakanike. Na ce wanda ke kwance keken ɗinki ya ɗaure, canza ruwan lagireto ba zai ba shi wuya ba. Kuma wallahi na yi aikin da tsafta. Na bari inji ya huce, na shimfiɗa kwali, na tara daro, koren ruwan nan ya zuba ko ɗigo bai taɓa siminti ba. Har ina yaba kaina. Sai aka kira ni wai mai kaya na jira a shago. Na tura daron ƙarƙashin mota don kada wani ya yi tuntuɓe da shi, na fita. Na manta nan magen take kwanciyar rana.

Da yamma muka ga tana tangaɗi tana amai. Likitan dabbobi ya tambayi abin da ta sha, na faɗa a gaban Baba, kaina a ƙasa. Ba ta yi kwana biyu ba ta mutu.

Gwaggo, da Baba ya zage ni da na samu sauƙi. Cewa ya yi ba komai, kwananta ne ya ƙare, har ya tambaye ni ko motar ta daina zafi. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba. Ta ƙofar baya nake fita, ta nan nake dawowa, kamar ɓarawo. Maiɗakina ta ce ya daina fitowa baranda. Na yi tunanin in samo masa wata magen, na yi tunanin mu tashi mu kama haya. Ruwan ma yana nan a jarka bayan ɗaki, na rasa inda zan kai shi. Yaya zan yi?

Naki,
Tela mai sunkuyar da kai

Ɗana tela,

Bari mu fara da jarkar, don ita ce ba ta jira. Ruwan nan guba ne mai ɗan zaƙi, shi ya sa dabba ke lasa, yaro ma zai iya kurɓa. Ka rufe ta sosai, ka rubuta guba a jikinta, ka kai wa garejin da ke karɓar irinsa. Kada ka zuba a kwata ko a gindin bishiya. Daron kuma ya gama aikin gida. Nan gaba ka tanadi jarka da mazurari kafin ka kwance komai, ka juye nan take, abin da ya ɗiga ka zuba masa yashi ka kwashe. Mai kaya zai iya jira.

Ba mugunta ka yi ba, sakaci ne, kuma ka faɗi gaskiya a lokacin da shiru ya fi sauƙi. Wannan na yaba maka. Amma ka lura, likita ka yi wa bayani, Baba ba ka ce masa komai ba. Shi ya danne zuciyarsa don ya sauƙaƙa maka, kai kuma ka saka masa da ɓuya. Kunyar suruki abu ne mai kyau, sai dai taka ta fara cutar da shi. Dattijon da ke da abokan hira biyu, ruwan lagireto ya ɗauke ɗaya, kunyarka ta ɗauke ɗayan.

Ka manta da zancen haya. Sabuwar mage ma ka dakata, ba kofi ka fasa masa ba da za ka sayo wani. In ya so, da bakinsa zai faɗa.

Yau ka shiga ta ƙofar gaba, ka durƙusa, ka ce ya yafe maka, sau ɗaya, ba tare da dogon bayani ba. Sannan ka zauna. Idan ya fara ba ka labarinta, kada ka katse shi da wani ban haƙurin, bar shi ya kai ƙarshe. Kewa ce ke cinsa, kuma a gidan nan babu wanda ya san zamansa da magen nan kamar kai.

Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya ɗaga maka kanka. Ka gaida ɗiyata.

Gwaggo