Wanda Ya Riƙe Akwatin Fasto Ishaya

Yaya Dauda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rifkatu da yara. Yaya aiki, yaya zaman Legas? Mu nan Azare sai godiya.

Saƙonka ya iso, cewa kana so a ba ka dama ka yi jawabi a sujadar tunawa da Fasto Ishaya, a matsayin babban ɗansa na zumuntar matasa. Na auna maganar sosai kafin in ba ka amsa.

Ka san al'adarmu, waɗanda malami ya rena su ke ɗaukar akwatinsa. Tun yana kwance ya faɗa da bakinsa cewa kai za ka riƙe gaba ta hannun dama. Duk ranar da muka je duba shi sai ya ce, "Dauda ya kira kuwa?" Ba ka kira ba, ranar jana'iza kuma ba ka zo ba. Emeka mai sayar da kayan babur, wanda ka taɓa kora daga cikin mawaƙa saboda Hausarsa, shi ya rufe shago ya tsaya a wurinka har bakin kabari.

Na kai wa Mama, matar Fasto, roƙonka. Ta ce, "Ɗana, gaya masa kada ya wahalar da kansa. Akwatin bai yi mana nauyi ba."

Emeka ne zai yi jawabin. Idan ka zo, akwai benci a baya.

Ka sa Mama cikin addu'a. A gaida Anti da yara.

Ƙanenka,
Bulus