Da Hannuna Na Juya Masa

Highbridge, New York
9 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yayana Alhassan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah ya ƙara wa ƙafarka sauƙi. Maigidana Malam ya tafi taron ofishinsu a Geneva sai ƙarshen wata, 'yarmu Hasiya kuma tana aji na ƙarshe a makaranta.

Yaya, watan jiya na tarar da ɗanka Jibrin a kicin yana dafa tsiron hatsi. Na ɗauka kunun zaƙi yake marmari, har na ji daɗi aikin asibiti bai mantar da shi gida ba. Na ɗauko masa babbar tukunyar da marigayiya Inna ta ba ni. Ni na juya, ni na tace. Da ya zuba wani busasshen fure mai ɗaci, ya ce kayan ƙanshi ne, na yarda. Shekaranjiya da hantsi kwalba ta fashe a kabad ɗinsa kamar bindiga. Na buɗe, ga kwalabe arba'in a jere, kumfa na bin ƙasa. Giya ce, Yaya.

Da na tsare shi, sai ya ce wai marar ƙarfi ce, sai an sha da yawa take bugarwa, wai ƙanshin furen yake so. Na ce ni ma na yi makaranta, kuma ban ga inda aka halatta kaɗan daga abin da mai yawansa ke bugarwa ba.

Mai kula da ginin ya hawo yana tambayar ƙarar. Jibrin da bakinsa ya ce dokar nan ba ta yarda a dafa ta a gida ba. In maganar ta kai ofishin su Malam, da kunya za mu dawo gida. In ta kai kunnen Malam, ka san zuciyarsa, sallama yaron zai yi, a garin da ba mu da kowa.

Na tsiyaye sauran a bayan gida ina kare fuskata da tsumma, amma bai ce ya daina ba. Don Allah ka rubuto masa kafin Malam ya dawo, nauyinka kaɗai yake ji. Ka kuma tambayar mini Liman Tsoho hukuncin wadda ta juya ba da sani ba, kada ka faɗi suna.

Ka gaishe da Yaya Ladi da Rabi'u. Tukunyar Inna na wanke ta sau bakwai, har yau na kasa ɗora ta a wuta.

Ƙanwarka,
Nafisatu