Liƙi a Kasuwar Bayi

Zuwa ga Shugabar makarantar da 'yata Balkisu take aji biyar, a unguwar Tremont ta Bronx, cikin birnin New York.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyalinki da malaman da ke ƙarƙashinki. Ni ce mahaifiyar Balkisu, mutuniyar Maraɗi, sana'ata kitso a wani shago a Harlem. Da Hausa na rubuto, domin da ita nake jin ciwo. Ki nemi tafinta, kamar yadda nake nema duk lokacin da kuka aiko mini da saƙo. Na kuma bar maganar a fili don sauran iyaye su karanta, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma abin da aka yi wa yarinyata ba a ɓoye aka yi shi ba.

Na farko, ki sani ba jahilar tarihinku ba ce ke miki magana. Lokacin da nake shirin jarrabawar zama 'yar ƙasa, Balkisu ce malamata. Ina kitso tana karanta mini, ni da Hausa, ita da Turanci. Daga bakinta na ji labarin Turawan farko da suka tsallako teku suna gudun sarkin da ya hana su bauta yadda suke so, da yadda tun suna cikin jirgi suka ƙulla alkawari cewa ba za a yi musu doka ba sai da yardarsu. Na ji labarin taron gari inda magidanta ke ɗaga hannu a yanke shawara, da yadda jikokinsu suka ƙi biyan haraji ga majalisar da ba su da wakili a cikinta. Wallahi abin ya burge ni. Ni na taso ne inda ake kwana da shugaba a wayi gari da soja a rediyo, don haka na san darajar a tambayi mutum kafin a mulke shi. Balkisu kuwa ta fi ni son labarin, don ita nan aka haife ta, kuma idan tana ba da shi "mu" take cewa, ba "su" ba.

Na biyu, ga abin da ya faru. Gab da hutun nan naku da ake gasa talotalo, malamar tarihi ta ce aji zai yi wasan kwaikwayo kan mutanen farko na Amurka, iyaye su zo kallo. Ta ce wa Balkisu ta zo da kayan Afirka. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce wace ce za ta zama ba, ta ce sai ranar za a raba. Yarinya ta yi ta haddar jawabi kan yardar jama'a, tana tsammanin za a sa ta cikin masu ɗaga hannu.

A wurinmu, idan malami ya ware ɗanka ya ce ya zo da kayan ƙasarsu, girma ne aka yi maka. Sai na ɗauke shi a girma. Na yanko shadda mai ruwan bula, tela ya yi mata aiki a wuya. Na yi mata kitso da hannuna, na sa aka yi mata lalle har gwiwar hannu. Na ba masu zuwa kitso haƙuri na rufe kujerata, na gayyato ƙawayena biyu na shago. Muka yi kwalliya kamar masu zuwa ɗaurin aure, muka zauna a layin gaba.

Turancina na ciniki ne da na amsa tambayar jarrabawa. Idan yara na magana da sauri ta lasifika, sai dai in bi da ido. Na ga yara da huluna baƙaƙe sun zauna suna ɗaga hannu, na gane taron gari ne. Can sai na ga an riƙo hannun Balkisu an hau da ita kan wani benci a tsakiyar dandamali, ta fi kowa tsawo, shaddarta na ɗaukar ido. Wani yaro ya tsaya gefenta yana nuna ta yana ɗaga murya, masu huluna na amsawa ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina kirari ake mata. Na ga ba takalmi a ƙafarta, na ce ko don kada ta ɓata bencin ne. Na ga ta sunkuyar da kai, na ce kunya ce irin ta 'yar da aka yi wa tarbiyya.

Sai na yi abin da kowace uwa Bahaushiya take yi idan an ɗaga 'yarta a gaban jama'a. Na rangaɗa guɗa. Na buɗe jaka na hau dandamalin nan, na shiga manna mata daloli a goshi, ƙawayena na bayana su ma suna liƙi. Sai dariya ta ɓarke daga inda yara suke, wayoyi suka tashi sama. Balkisu ta ɗago ta dube ni, hawaye na bi ta ƙarƙashin kuɗin da na manna mata. Gwanjon bayi ake yi, ranki ya daɗe. Yaron farashi yake kira, masu huluna tayi suke yi. Ni kuma na hau na biya.

Na uku, zan ɗauki rabona, rashin sani ya fi dare duhu. To amma wa ya bar ni a duhun? Malamar nan ta ga mata uku sun shigo da gwaggwaro da turare sun zauna a gaba, ta san ba kallon cinikin 'yarsu suka zo yi ba. Ta ga na miƙe, ta ga na hau matakala, tana tsaye da takarda a hannu ba ta tare ni ba. Da na nemi ganinta washegari, bayaninta shi ne makaranta ba ta da kayan wasa isassu, ta ga yaran 'yan Afirka suna da nasu a gida. Wato baƙaƙen yara da yawa a ajin sun sa hula sun zama masu gona, ita kuwa tawa aka zaɓa baiwa domin uwarta na da tela. Kayan da muke sawa mu je Idi su ne a idon malamarku kayan bayi.

Kada ki ce ina so a ɓoye bauta. A koyar da ita. A faɗa wa yara cewa mutanen da suka rubuta cewa an halicci kowa daidai, da yawansu suna da bayi a gonakinsu, kuma a cikin garin nan na New York an yi kasuwar mutane a bakin ruwa. Mu ma ƙasarmu an yi, kakata ta ba ni labari ba ta rage komai ba. Amma darasin da kuka tara mu mu gani shi ne ba a yi wa mutum hukunci sai da yardarsa. Wa ya nemi yardar Balkisu? An raba matsayi da safe, aka ce ta cire takalmi, aka ce ba ta da bakin magana har a tashi. Kun koya mata tushen mulkinku yadda ya kamata, sai dai ta gefen waɗanda ba a tambaya.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Hoton bidiyon nan yana wayar kowane yaro. Idan ta wuce a baranda sai su yi mata guɗa. Ta buɗe jakarta ta tarar an manna mata dala ɗaya a littafi. Na same ta a banɗaki tana dirje lallen da soson ƙarfe na wanke tukunya, har fatar hannun ta saɓule. Da sakamako ya fito, malamar ta rage mata maki a wannan aikin, wai ba ta yi magana a wasan ba. Na karanta wannan layin, na ba maƙwabciyata ta sake karanta mini, don na ɗauka Turancina ne ya sake yaudarata.

Saboda haka ga buƙatuna. Malamar ta tsaya gaban ajin da ta tsayar da 'yata ta ba ta haƙuri, da sunanta. A gyara makin. A kira iyayen yaran da ke yaɗa bidiyon. Daga yau duk yaron da za a sa a irin wannan wasa a gaya wa iyayensa abin da zai zama, da harshen da suke ji, a kuma tambayi shi yaron. Idan ya ce a'a, a'a ɗin ta zauna.

Akwai abin da ba zan nema ba, domin ba ya hannunki. Balkisu ta roƙe ni in daina zuwa ɗaukarta a bakin ƙofa. Na ce ba zan bar yarinya ta dawo ita kaɗai da duhun sanyi ba. Sai ta ce to in tsaya a tsallaken titi wajen shagon wanki, in bi ta a baya, idan wani ya tambaya in ce ni mai raino ce. Haka nake yi yanzu. Tana tafe ina biye, ba ta waiwaye sai mun shiga lif ɗin benen gidanmu ƙofa ta rufe.

Allah Ya ba ki ikon yin adalci a kan kujerar da kike kai, Ya raya miki naki 'ya'yan, Ya kuma tsare ki da ganin ranar da ɗayansu zai roƙe ki ki ce ba ke kika haife shi ba.

Wassalam.

Zuwaira, Maman Balkisu,
Tremont, Bronx.