Jirgin Gwaggo ba zai tashi yau ba

Zoila,

Na fita tashar jiragen ruwa kina barci. Da zarar Gwaggo Hermelinda ta tashi, ki hana ta zuwa jirginmu. Ba zai bar Iquitos yau ba, ko da yake ni na rubuta "yau" da alli a allonsa. Katako muke jira, sai ya cika.

Jiya wurin cin abinci da ta ce, "Surukina ne ya rubuta da hannunsa, ai magana ta ƙare," kunya ta hana ni faɗa mata gaskiya. Ki ba ta haƙuri. Ga 'yarta can a Yurimaguas, haihuwa yau ko gobe.

Ki sa ta a mota zuwa Nauta kafin azahar, ta kwana can, da asuba ta hau ƙaramin jirgi mai gudu. Ta bar ragar kwanciyarta a nan, a zaune ake tafiya. Ki ƙunsa mata shinkafa da soyayyar ayaba, ta riƙe mayafi saboda sanyin kogi.

Na taɓa yi wa kyaftin ɗin jirginmu ƙorafi kan wannan rubutun, ya yi dariya ya ce, "Sarkin tunani, in ka rubuta gaskiya ba mai zuwa, jirgi ba zai cika ba, kowa ya rasa." 

Ita dai na fitar da ita. Fasinjojin da suka ɗaure ragarsu a cikin jirginmu suna jira ba su da suruki a tasha, kuma su zan je in gaisar yanzu.

Eleuterio