Raket ɗin Mushe

Dakoro, daren Laraba, 9 ga Sha'aban

Yau aka raba gadon maigidana, Mushe. Na fiddo komi tsakar gida, har allura, don kada in tashi gobe kiyama da hakkin wani a wuyana. Abu guda na ɓoye ƙarƙashin katifa tun rasuwar: raket ɗinshi na pinpon, ƙwallon tebur. Robar ta koɗe, icen ya yi baƙi inda yatsanshi ke zama.

Shekara talatin yana bugawa gidan matasa bayan la'asar. In na ce, "Mushe, gwiwar nan taka fa," sai ya miƙo mini waya in ga Baturen nan na ƙasar Suwed yana buga pinpon. "Dubi, Hajiya, ya kusa hamsin yana kada samari. Ni mi na yi?"

Malamin da ke rabon ya tambaya ko akwai saura. Na shiga na ɗauko raket ɗin, na aje bisa tabarma kusa da rediyo.

Ƙanenshi Issaka ya jujjuya shi, ya yi dariya. "Yaya, wannan ko fifita wuta ba ya yi. Ku riƙe abinku." Na ce ba shi ke da ikon yafewa ba, magada ne. Aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har ɗiyarmu Rabi da ke aure Azagor aka kira ta waya. Kowa ya yafe.

Ga shi nan gefena, halal ɗina. Da yana ɓoye, kullum in na taɓa shi sai kuka. Yau tun isha'i nake riƙe da shi, ban ji komi ba. Ice ne da roba.