Dunƙulen Ƙasa da Reshe

Litinin, 6 ga Maris, 1843
Maigida Skyrme ya aiko kirana. Yana kwance, ya rame kamar ba shi ba. Ya ce gonarsa da ni da mijina marigayi muka noma shekara talatin, ya bar min ita har abada. Ko godiya na kasa.

Alhamis, 9 ga Maris
Lucius, ɗan ƙanensa da zai gaje shi, ya tare ni a hanya. "Keziah, kar ki soma rawa tukuna. Sambatun mara lafiya ne."
Lauya Gwatkin ya ce wasiyya ba za ta tsare ni ba, Lucius zai yi ta jan ta a kotu har in mutu. Sai dai tsohuwar hanya: a rubuta takardar mallaka da ake kira enfeoff. "Infef" yake faɗinta. Na ce wannan ai atishawa ce. Bai yi dariya ba. Wai da ita sarakunan dā ke ba mayaƙansu ƙasa. Amma sai mai ƙasa ya tako gonar da kansa, ya damƙa ta hannu da hannu a gaban shaidu. Shi ke nan, ba mai tayarwa.
Ga Maigida kuma, mutumin da ko zama ba ya iyawa.

Talata, 14 ga Maris
Ruwa tun safe. Likita ya hana Maigida fita.

Laraba, 15 ga Maris
Ya zo! Mutum huɗu suka ɗauko shi a kujera, lulluɓe da barguna. A bakin shinge ya ce a sauke shi, ya shigo da ƙafarsa. Gwatkin ya yanko dunƙulen ƙasa da ciyawarsa, ya soka reshe a ciki, ya cire hula cikin yayyafi yana karanta takardar a hankali kamar addu'a. Maigida ya miƙo min. "Riƙe da hannu biyu, Keziah, ni dai na gaji."
Lucius na tsaye, fuska murtuke. Gwatkin ya miƙa masa alƙalami. "Tunda ka gani da idonka, ranka ya daɗe, sa hannu." Ya sa!
Ban taɓa ganin dattawa irin Maigida da Gwatkin ba.

Litinin, 3 ga Afrilu
An binne Maigida.

Juma'a, 21 ga Afrilu
Na sayo dashen tuffa goma sha biyu. Mai sayarwa ya ce sai bayan shekara bakwai za su yi 'ya'yan kirki, yana kallon furfurata. Na ce don tare iska ne kawai. Gobe zan haƙa ramuka.