Ludayin Dada

Adda Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Mu nan Alkalawa lafiya, sai kewar Dada.

Ranar Juma'a na kunna wa Baba fim ɗin soyayya don ya ɗan sake, ban san matar za ta rasu a ciki ba. Da mijin ya manta ya zuba shayi kofi biyu, sai Baba ya ce, “Aisha, ina ludayin Dadarku?”

Adda, ni na ɓoye shi tun ranar sadakar bakwai, don kada ya gani. Ashe wata huɗu yana dubawa, bai tambaya ba. Na ɗauko masa ludayin, da shi ya sha kunun gyaɗa ranar Juma'ar, yana hawaye.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida yara. Don Allah ki kira Baba.

Ƙanwarki,
Aisha